Ƙaramar Mota Mai Sarrafa Kanta: Wane Kaya Ya Kamata Ɗalibi Ya Saya?

Duk shekara a sassan injiniya na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar Aliero, ba a rasa rukunin ɗaliban da suka zaɓi haɗa ƙaramar mota mai kauce wa bango ko mai bin umarnin wayar hannu. Yawanci kuɗin karo-karo ne, kuma kayan sai an yi odarsu daga Kano ko Legas. In aka sayi abin da bai dace ba, ba a nan kusa za a canzo shi ba.

Gardamar farko a kan ƙwaƙwalwar motar ake yin ta. Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, shi ne kowa ya sani: yana aiki da bolt 5, yana jure hannun ɗan koyo, kuma darussansa sun cika intanet. In motar layi kawai za ta bi ko ta kauce wa cikas, ya isa har da saura. Sai dai ba shi da Bluetooth, dole a sayo HC-05 a haɗa masa, shi kuma HC-05 ba ya shiri da iPhone. ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016, ya zo da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, gudunsa na kai megahaz 240 alhali Uno yana kan 16. Ni dai in har da waya za a tuƙa motar, ESP32 zan ce a saya. A kula da abu ɗaya: ƙafafunsa, wato wuraren da ake jona masa wayoyi, bolt 3.3 suke ɗauka, na'urar auna nisa ta HC-SR04 kuwa bolt 5 take maido wa, saboda haka sai an sa resisto biyu a tsakani don su rage wutar. Raspberry Pi kwamfuta ce sukutum. In ba kyamara za ku sa motar ta gane fuska ko launi ba, ku bar wa masu kuɗi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen wuta, kuma nan ne ɗalibai ke son yin tsumulmula. Batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba ya iya ciyar da injinan taya. Za ka ga motar ta zabura, ta yi tsaye, allon ya mutu ya sake kunna kansa, a yi ta zargin lissafin da aka rubuta alhali yunwar wuta ce. A nemi batirin 18650 guda biyu a jere, su ba da bolt 7.4, tare da cajarsu. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9900mAh, wato yawan wutar da yake riƙewa, ajiye shi. Na gaskiya ba ya wuce wajen 3500. Auna shi ma a tafin hannu, na jabu sakayau yake. Masu gyaran laftof kan ciro irinsu daga tsohon batiri, ba laifi in an gwada da mita a gabanka. Kada a bar su a rana, musamman a zafin Afrilu.

Tsakanin allo da injinan akwai direba, wato ƙaramar na'urar da ke ba injinan wuta bisa umarnin allon. L298N, mai jan allo da baƙin ƙarfen sanyaya, ya fi sauƙin samu, amma yana cinye kusan bolt 2 ya mai da su zafi. TB6612FNG ƙarami ne, ba ya ɓarnar wuta haka, sai dai sau da yawa yana zuwa ba a liƙa masa ƙafafu ba. In babu mai hannun dalma a cikinku, mai gyaran waya zai yi muku nan take.

Gangar jiki kuwa, mai injin biyu da 'yar tayar juyi ta fi dacewa da simintin aji. Mai injin huɗu ta fi hawa ƙasa, amma tana shan batiri, tana kuma jan ƙafa wajen kwana.

Sai maganar idon motar. Na'urar bin layi da hasken infared take gani, ranarmu kuwa cike take da shi. Motar da ta bi baƙin tef tiryan-tiryan a ɗaki tana iya rikicewa a farfajiya da tsakar rana. Ku tambayi malamin da ke duba aikin inda za a yi gwajin tun kafin ku tura kuɗi. HC-SR04 da sauti take aunawa, daga santimita 2 zuwa mita 4, rana ba ta dame ta ba, amma labule da abu mai laushi kan ɓace mata. Tunda ba ta da tsada, ku sa biyu a odar, haka ma injin taya a ƙara ɗaya na ajiya.