Fentin ƙofar motata a Suame Magazin

Aboboya ce, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta goge mini ƙofar baya a unguwar Aboabo ta Kumasi, ta kwashe fenti har ƙarfe ya fito. Corolla ce ta 2010, ruwan azurfa, kuma duk mai irinta ya san babu launin da ya kai shi tona asirin mai fenti. Na kai ta Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, wajen wani masta da abokin aikina ke ta yabo.

Na je da iyayina, na nuna masa lambar fentin da ke manne a bakin ƙofar direba, 1F7. Ko kallo bai yi ba. "Alhaji, wannan lambar ta sabuwar mota ce. Taka ta sha ranar Kumasi shekara da shekaru." Sai ya kwance murfin tankin mai ya nufi wajen mai haɗa fenti, ni kuma na bi shi don ganin ƙwaf. Ɗigon baƙi, ɗan rawaya a bakin tsinke, a juya, a fesa a guntun kwano, a fita rana a kara da murfin. Sau huɗu suna haka. A inuwa tun a na biyu na ga sun zama ɗaya, amma da aka fita rana sai ga bambanci ƙiri-ƙiri. Ya ce garin alminiyon da ke cikin irin wannan fenti ne ke wasa da haske, ko nisan bindigar feshi aka canza launin zai canza. Shi ya sa ya ɗan watsa feshin kan ƙofar gaba, don kada ido ya kama iyaka. Wallahi maiɗakina ta zagaya motar sau biyu ba ta gane ƙofar ba.

To amma fa! Ya ce kwana 3, sai da ta kwana 9, kullum ko an ɗauke wuta ko yaro ya tafi sayo tina, ruwan tsinka fenti. Kuma a fili suka yi feshin, ana tsakiyar hunturu. In ka shafa hannu sai ka ji ƙura ta kwanta ƙarƙashin ƙyallin kamar tsaki. Robar gilashi ma duk feshi, jaridar da suka rufe ta da ita ba ta kai ba. Da na yi magana ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, dawo bayan sati biyu a goge maka da folish, kyauta." Na koma, wai ya tafi jana'iza Mampong. Lambarsa dai tana wayata, ban goge ba tukuna.