Ƙarin ƙafa mai naɗewa ko ƙafar soso mai iyo: wacce ta dace da Mini 2 a Legas?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wace ƙafar sauka ce ta dace da Mini 2, wato ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi (drone), a nan Legas. Tsakanin ƙarin ƙafa mai naɗewa da ƙafar soso da ka ce an yi maka tallarta, ɗauki mai naɗewar, ka haɗa da tabarmar sauka. Ni mai naɗewar ce a jikin nawa Mini 2 ɗin, kuma ba na cire ta sai in zan goge.

Matsalar jirgin nan ba ta wuce cewa cikinsa kusan a ƙasa yake ba. Kyamarar da mariƙinta, wato gimbal, suna gaba-gaba dab da ƙasa, to da zarar farfela ta fara juyi duk yashi da ƙurar wurin sama suke yi su shige. Mariƙin nan ƙananan injina ne guda uku suke daidaita shi, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale sai ka ga hoto yana rawa, ko wayarka ta fara nuna gimbal ya yi nauyi. Su ma injinan farfela akwai maganaɗisu a cikinsu, yana jan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Ƙarin ƙafar tana ɗaga jirgin kamar faɗin yatsu biyu. A ido ba wani abu ba ne, amma shi ne ke raba gilashin kyamararka da ƙasa.

Da daminar bara na je ɗaukar wasan ƙwallon yaranmu a wani fili ta wajen Ikorodu. An yi ruwa da asuba, ciyawa ta jiƙe sharkaf, ga taɓo nan da can. Batir ya yi ƙasa, jirgin ya juyo gida da kansa, ya sauka gefen inda na shimfiɗa tabarma, cikin ciyawar. Da na ɗaga shi, ƙafafun robar sun kwashi laka har rabi, ganyen ciyawa ya manne a ɗaya, amma kyamarar da cikin jirgin a bushe ƙamas. Na ɓalle ƙafar, na wanke ta da ruwan leda, na share da hankici na mayar. Tun ranar nake ganin mutuncinta.

Ita kuwa ta soson, tana iyo, wannan gaskiya ne, iyakar abin da zan faɗa mata ke nan. Jirgin kansa ba ya jure ruwa, kuma ruwan Tarkwa Bay ko na bakin tekun Lekki ba kwance yake ba, igiya ɗaya ta isa ta kifar da shi. Ruwan gishiri kuwa in ya taɓa wayoyin ciki, zance ya ƙare. Ga ta da faɗi, iska tana kama ta. Mini 2 dama iskar da aka ce yana jurewa ba ta wuce kilomita 38 a awa ba, minti 31 ɗin da aka rubuta wa batir ɗinsa kuma a yanayi mai lafiya ne ba da kaya a jikinsa ba. Idanun da ke ƙarƙashin cikinsa, wato na'urorin da yake ganin ƙasa da su, su ma ruɗewa suke a saman ruwa saboda ƙyalli.

In za ka zaɓi mai naɗewar, juya jirgin ka duba cikinsa bayan ka ɗaura. Kada wani ɓangare na robar ya rufe waɗannan idanun na ƙasa, domin da su yake gane tazararsa da ƙasa. In suka toshe zai riƙa lilo a wuri ɗaya ko ya yi gardamar sauka. Kuma ka tsaya a kan roba zalla. Mai ƙarfe ko mai kabon faiba tana da kyan gani, sai dai eriyar jirgin a ƙafafun gaba take, irin wannan ƙafar na iya tare ta, ƙarfe kuma yana rikita kamfas. Saboda wannan dalilin ne ma ba a son tashi daga kan bonet ɗin mota ko dakalin da ke cike da rodi. Sannan ka sani nauyin jirgin dab da giram 249 yake, abin da ka ƙara masa na iya sa ya haura 250, don haka ka bincika ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Najeriya. Mu mutanen Agege da Ikeja kuma filin jirgin Murtala Muhammed na maƙwabtaka da mu, ba wurin tashi ba ne ko da wace ƙafa.

Kula da ita ba wuya. Duk ranar da ka je bakin teku, cire ta ka ɗauraye da ruwan daɗi, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar, don laimar garin nan da gishiri suna cin ɗan ƙarfen da ke mahaɗar. Kada ka ɗiga mata mai, mai yana tara yashi. Buroshi mai laushi da ɗan famfon iska na masu kyamara sun wadatar, musamman da hunturu. Kafin kowane tashi ka matsa maƙalan da yatsa, in ka ga farin layi a jikin robar to tsagewa ce ta fara, canza ta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, ko a Computer Village ne ko Alaba ko a Instagram. Za su ce maka ai duk Mini ɗaya ne. Ba haka ba ne, jikin Mini 3 daban yake, tasa ba ta zama daidai a Mini 2. Wasu kuma roba ce da aka buga da injin 3D, irin wadda ke laushi tun zafi bai kai digiri 60 sosai ba, ka bar ta a mota cikin ranar Legas ka dawo ka tarar ta lanƙwashe. Irin wannan za ka ga layi-layi a jikinta. Nemi ta kamfanonin da aka sani da wannan sana'a, irin su PGYTECH ko Sunnylife, cikin kwalinta. Tafi da jirginka shagon, a ɗaura a gabanka, ka naɗe hannuwan ka ga ko zai shiga jaka, sannan ka biya. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, ka ƙyale shi.