Kafin ka kashe dalarka wajen ɗora rimis

Duk sati sai wani ya tambaye ni wai DistroKid ya fi ko CD Baby, wato kamfanonin da ke kai maka waƙarka su Spotify da Apple Music, ni kuma sai in ce masa waƙa nawa kake fitarwa a shekara, kuma ku nawa ne za ku raba kuɗin? Don amsar tana nan.

In kai irinmu ne masu kwana a gaban laftof, yau bit (kiɗa zalla ba murya) gobe rimis (sabon kiɗa a kan muryar waƙar da ta riga ta fita), wata bai ƙarewa ba ka saki abu ba, to DistroKid ya fi maka sauƙi. Kuɗin shekara kake biya, dala ashirin da 'yan kai a ƙaramin tsarinsu, ka ɗora iya son ranka, kuma ba sa yankar kaso a kuɗin sauraro na su Spotify da Apple Music. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon kuɗi, ka saka wane kashi 50, mai murya 30, wanda ya yi miksin 20, su da kansu za su tura wa kowa nasa, ba sai abokinka ya kira ka da sha biyun dare yana cewa ina nawa ba. Sai dai fa kamar gidan haya ne, ranar da ka daina biya ana iya sauke waƙoƙinka, sai in ka biya wani ƙarin kuɗi kan kowace waƙa don ta zauna. Da yadda dala take wasa da naira ɗin nan, wallahi a yi lissafi. TuneCore ma, wani kamfanin irinsu, tun 2022 kusan tsarin shekara-shekarar nan suka koma.

CD Baby kuwa sau ɗaya kake biya kan abin da ka saki, ya zauna, amma suna cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya shigo. Mai sakin abu biyu ko uku a shekara nan ya kamata ya nufa.

Bandcamp daban ne, shago ne, mutum ya saya ya sauke. Suna ɗaukar kashi 15, ya koma 10 in cinikinka ya kai dala 5,000, kuma masu son kiɗan na'ura a Turai da Amurka suna sayayya a can sosai. Amma tsakani da Allah ɗan Sabon Gari ko Tudun Wada ba zai ciro kati ya sayi waƙa ba, Audiomack zai buɗe, can kuma ɗorawa kyauta ne. Ni duka biyun nake yi, Bandcamp da Audiomack. Ka dai fara duba ta yaya kuɗin zai iso hannunka kafin ka buɗe akawun, don an daɗe ana shan wuya a nan wajen karɓar kuɗi daga waje.

Kar kuma ka sa rai da yawa da Spotify, tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba sisi ba ta kawowa.

Yanzu maganar rimis ɗin kanta. Babu ɗaya cikin kamfanonin nan da zai tsaya maka in muryar ba taka ba ce. Lasisin da ake sayarwa na sake rera waƙar wani bai shafi ɗaukar ainihin muryarsa ka ɗora kan kiɗanka ba, wannan sai mai waƙar ya yarda, a rubuce. Na taɓa yi wa wani mawaƙi rimis, ya turo min muryar daban ba kiɗa, ya ce a saƙon murya "ba komai oga, saki kawai", wata biyu da fita wanda ya biya kuɗin situdiyon asalin waƙar ya kai ƙorafi aka sauke ta, 'yan kuɗin da suka taru ma aka riƙe. Ashe shi mawaƙin ba shi ke da ita ba. Yanzu ko ƙanina ne sai na tambayi wa ya biya situdiyo, mu rubuta kason kowa da sunan da zai fito a gaba, ya sa hannu ya ɗauki hoto ya turo, sannan in buɗe FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita.