Merriam-Webster da kalmomin dogon Turanci: inda shafin ya yi amfani da inda ya gaza

Mai neman kalmar Turanci da zai kwatanta rubutun da ya cika surutu yakan faɗa rami ɗaya: ya buɗe jerin kalmomi masu ma'ana kusa, ya ɗauki wadda ta fi kama da ta masana. Shafin ƙamus ɗin Merriam-Webster na intanet, wanda kamfanin da ke Springfield a jihar Massachusetts ta Amurka ya buɗe a 1996, yana da maganin wannan, amma sai an san inda za a duba. Kyauta ne, talla ce kuɗinsa.

A rubuta wordy a ɓangaren Thesaurus, wato inda ake jera kalmomi masu ma'ana kusa. Jerin da zai fara fitowa yana da tsawo, kuma launin da ke bayan kowace kalma yana nuna kusancinta da wadda aka nema. Kada a tsaya nan. A gangara ƙasa zuwa Synonym Chooser, domin can ne ake rarrabe kalmomi huɗu da jerin ya cakuɗa. Wordy ita ce ta yau da kullum, yawan kalmomi fiye da buƙata. Verbose, daga verbum na Latin wato kalma, tana ƙara cewa yawan ya dusashe ma'ana har mai karatu ya gundura. Prolix ta marubucin da ya maƙale wa ƙananan bayanai ne, kamar mai rahoton da sai ya faɗi wanda ya buɗe taro da wanda ya rufe taga kafin ya kai ga shawarar da aka yanke. Diffuse kuwa ba tsawo take zargi ba, warwatsuwa ce: rubutun na iya zama shafi ɗaya amma babu inda ya dosa. Wannan rarrabewar ita ce mafi daraja a shafin, kuma layuka kaɗan ne.

Akwai tarko a diffuse. In siffa ce, ƙarshenta da sautin s ake furtawa, in aikatau ce da z, sannan ana yawan rikita ta da defuse, kwance bam ko kwantar da rikici. Maɓallin sauti yana warware wannan, sai dai lafazin Amurka kaɗai zai ba ka.

Inda shafin ya gaza shi ne jerin kansa. Yana kawo kalmomin mai yawan magana da baki, irin su garrulous da loquacious, kusa da na rubutu. Mutum ne ake kira loquacious, ba takardar yarjejeniya ba. Haka kuma sunayen laifin yawan kalmomi a warwatse suke, sai an bi kowanne shafinsa. Pleonasm ƙarin kalmar da ba ta ƙara komai ce, kamar free gift, tunda kyauta dama ba a saye. Tautology maimaita abu ɗaya da wasu kalmomi. Circumlocution zagaye-zagaye ne, kamar due to the fact that, kalmomi 5 a gurbin because.

Verbiage sai an yi hattara. Ƙamus ɗin ya ba ta ma'ana biyu, tarin kalmomi marasa amfani da kuma salon zaɓen kalmomi kawai. Amurkawa a ofis sukan yi amfani da ta biyun ba da nufin suka ba, amma masu karatu da yawa za su ji ta a matsayin zargi. In yabo kake nufi, wording ta fi aminci.

Misalan jimlolin da ke ƙarƙashin Recent Examples on the Web na'ura ce take kwaso su daga jaridu da shafuka, kuma kamfanin da kansa ya rubuta cewa ba ra'ayin editocinsa ba ne. Suna nuna yadda ake amfani da kalma, ba lallai yadda ya dace ba, don haka a gwada su da bayanin Synonym Chooser kafin a kwaikwaya.