Saƙo daga Osaka: ta girke ko ta tafi-da-gidanka?

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kowa da kowa. Ka gaishe min da Umma da kyau.

Tambayarka ta iso, kuma layi biyu a waya ba za su amsa ta ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Ka ce tunda Allah ya kawo ni ƙasar su Sony da Nintendo, in faɗa maka tsakani da Allah wacce na'urar gem ta fi: ta girke da ake jonawa da talabijin, ko 'yar tafi-da-gidanka da ake riƙewa a hannu. Da ka tambaye ni kafin in taso, da ban tsaya tunani ba. Ka san ni da PlayStation. A lokacin kyawun hoto kaɗai nake dubawa, in ga ciyawar fili da gumin ɗan wasa kamar a taɓa. Zama a nan ya sauya min ma'auni.

Da na fara samun albashi, PlayStation 5 na fara saya. Babu abin kushewa a jikinta. Tun fitowarta a Nuwamba 2020 aka san ta da saurin buɗe gem, domin ma'ajiyarta ta SSD ce, wato irin mai saurin karanta bayanai, wancan dogon jiran da muka saba yi a kan PlayStation 4 ya zama tarihi. Fad ɗinta, wato abin riƙewa a sarrafa gem, mai suna DualSense, shi ne abin da ya fi burge ni. Idan kana jan baka a cikin gem, madannin da ke ƙarƙashin yatsanka yakan yi tauri kamar tsirkiya ce ta gaske, idan kuma ana ruwan sama sai ka ji ɗigonsa a tafin hannunka. Akwai wani ɗan gem, Astro's Playroom, da ke zuwa a cikinta kyauta don kawai ya nuna maka wannan. Ranar farko sai da na raba dare a kansa.

Sai dai ɗakina tabarma shida ne. Haka suke auna ɗaki a nan, da yawan tabarmar tatami, kuma shida ba ta wuce murabba'in mita goma ba sosai. Bango siriri ne, maƙwabci yana jin tarinka. Ina fita da sassafe, in dawo bayan isha'i a gajiye. Sai na lura mako guda yakan wuce ban kunna ta ba, alhali kullum ina ɓata fiye da awa guda a jirgin ƙasa, zuwa da dawowa, hannuna babu komai.

A jirgin ne idona ya buɗe. Jiragensu tsit suke, ba a amsa waya, ba a ɗaga murya, amma ka duba hannun mutane: ɗalibi, ma'aikaci da kwat, har uwa mai goyo, wani da waya, wani da Switch, na'urar gem ta hannu ta Nintendo. Ashe abin ma daga jirgi ya samo asali. Ana ba da labarin injiniyan Nintendo, Gunpei Yokoi, cewa ya ga wani mutum a jirgin ƙasa yana ta danna kalkuleta don kashe lokaci, daga nan tunanin Game & Watch, 'yar na'urar gem ta aljihu, ya zo masa, aka fitar da ita a 1980. Shi ne kuma ya jagoranci ƙera Game Boy a 1989. Allonta ba kala, ba fitila, amma batir huɗu na kai ta awanni masu yawa. Sega ta fito da Game Gear a 1990, mai kala da haske, sai dai batir shida take shanyewa cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy da ƙanwarta mai kala sun sayar da fiye da miliyan 118, Game Gear kuwa kusan miliyan goma. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin ni da nake bin kyawun hoto, da a bayan wadda ta sha kaye zan tsaya.

Na sayi Switch, mai allon OLED ta 2021. Hotonta bai kama ƙafar na PlayStation 5 ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma ina danna madanni ɗaya ta yi barci idan an iso tasha, in jefa ta a jaka, da yamma in ci gaba daga daidai inda na tsaya. Da wannan minti ashirin-ashirin ɗin na gama Zelda: Breath of the Wild, gem ɗin da ya fito tare da Switch ta farko a Maris 2017. A kan ta girke kuwa akwai manyan gem uku da na fara, har yau ban kai rabinsu ba. Idan na dawo gida ina son babban allo, sai in zura ta a mazauninta ta koma talabijin. Wannan dabarar ce ta sa ta sayar da fiye da miliyan 150, ta shiga sahun Nintendo DS da PlayStation 2.

Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, kuma a nan ina so ka natsu. Allonta ya fi girma, inci 7.9, tana iya fitar da hoton 4K a talabijin, fad ɗinta da maganaɗisu suke mannewa, kuma yawancin gem ɗin tsohuwar suna aiki a kanta. Amma cajinta awa biyu ne zuwa shida da rabi, alhali ta OLED tana yin huɗu da rabi zuwa tara. Sannan wadda ake sayarwa a shagunan Japan da Japananci kaɗai take aiki, kuma da asusun Japan kaɗai. Mai harsuna da yawa sai ta shagon intanet na kamfanin ake samunta. Don haka idan wani ya ce zai kawo maka ita daga nan da sauƙi, ka tambaye shi wacce ce daga ciki. Haka kuma wasu kaset ɗinta babu gem ɗin a ciki, mabuɗi ne kawai, sai ka jona intanet ka sauke shi gaba ɗaya. Ana rubuta hakan a jikin kwalin, ka riƙa dubawa.

Steam Deck ta kamfanin Valve na Amurka, wadda ta fito a 2022, wani abokin aikina ne ya ara min ita na mako biyu. Kwamfuta ce sukutum a siffar gem. Dubban gem ɗin Steam, shagon gem na intanet na kamfanin, suna buɗewa a kanta, ana yawan karya farashinsu, kuma ba ka biyan kuɗin wata don yin wasa da mutane ta intanet, saɓanin PlayStation Plus da Nintendo Switch Online. Amma nauyinta ya haura giram 600, Switch ɗina kuwa 420, kuma a tsaye cikin cunkoson jirgi wuyan hannu yakan gaya maka bambancin. Ta mai son kwance-kwance da gyare-gyaren saiti ce. Kai da na sani, za ka so ta.

Xbox ba ta da kasuwa a nan, a manyan shaguna ma ɗan lungu ake ba ta. Abin da take taƙama da shi Game Pass ne, ka biya duk wata ka yi ɗaruruwan gem, amma haya ce, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. PlayStation Portal kuma kada siffarta ta ja ka. Ba ta ɗauke da gem a cikinta, hoton take jawowa ta intanet, idan layin ya yi rauni wasa ya tsaya.

Abin da ya fi shiga raina a ƙasar nan shagunan kwance ne. Akwai unguwar Nipponbashi a nan Osaka, wadda ake kira Den Den Town, kamar yadda Akihabara take a Tokyo. Za ka ga kaset na shekara talatin an goge shi, an gwada, an naɗe a leda, an rubuta matsayinsa a jiki: wannan yana da kwali, wannan yana da ƙarzuwa, wancan ba a gwada ba, ka saya da sanin haka. Ba a ɓoye maka aibi. Idan ka gama gem ka mayar, su duba su ba ka kuɗi a take. Duk wannan yana yiwuwa ne saboda gem ɗin abu ne da ake riƙewa a hannu. Wanda ka sauke ta intanet ba ya aruwa yadda kake so, ba ya sayuwa. A Maris 2023 an rufe shagon intanet na 3DS da Wii U, tsofaffin na'urorin Nintendo, gem ɗin da ba su taɓa fitowa a kaset ba babu inda sabon mai saye zai same su. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Shi ya sa nake ce maka duk wadda za ka ɗauka, ka zaɓi mai karɓar faifai ko kaset. Xbox Series S ba ta da ramin faifai, PlayStation 5 Pro ta 2024 ma sai dai ka sayi nata daban ka jona.

Ban sayar da PlayStation ɗina ba, kuma ba zan sayar ba. Ranar Lahadi 'yan uwa baƙi irina sukan zo, mu huɗu ko biyar a ɗan ɗakin nan, mu sa ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa fad. Muna danne ihu saboda maƙwabta, amma a wannan awa biyun nakan manta nisan da ke tsakanina da ku. Ƙaramin allo bai taɓa ba ni wannan ba. Idan ƙwallo ce a ranka, ko EA Sports FC da ya gaji FIFA a 2023, ko eFootball da ya gaji PES, kuma kana da masu zama da kai, to ta girke ce taka. Idan kuwa karatu ya fara cinye maka yini kamar yadda aiki ya cinye nawa, lokacin da ya rage maka guntu-guntu ne, ka ɗauki ta tafi-da-gidanka.

Ka rubuto min yadda yininka yake tafiya yanzu, da ko har yanzu abokanka suna taruwa wurinka, sai in san wadda zan nema maka. Na riga na ajiye maka wata Game Boy da na tsinta a Den Den Town, da kaset ɗin Tetris a cikinta. Na sa mata batir jiya da dare, ta tashi.