Gidan Tarihin Kalakuta da ke Ikeja: Abin da Baƙo Zai Tarar a Gidan Fela

Wani aiki ne ya kai ni Legas, na sauka a wurin yayana a Agege, kuma da na samu yini guda babu abin yi sai na roƙe shi ya raka ni Ikeja in ga gidan da aka adana kayan Fela Anikulapo-Kuti. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce duk shekarun da ya yi a garin bai taɓa jin wanda ya kashe kuɗin mota don kallon takalman mawaƙin da ke hawa dandali babu riga ba. Na ce masa, "Yaya, ai ba takalman zan je gani ba." Ya ɗauki hularsa muka fita, kuma ko da yake tsakanin Agege da Ikeja babu wani nisa, cunkoson motoci ya ci mana lokaci mai yawa, don haka duk mai niyyar zuwa ya yi sammako.

Gidan yana lamba 7 a titin Gbemisola, ba nisa da Allen Avenue, a cikin unguwar da jama'a ke zaune. Bene ne mai hawa uku wanda bai fi gidajen da ke maƙwabtaka da shi girma ba, kuma in ba don zane-zanen da ke jikinsa ba mutum zai iya wuce shi bai sani ba. A nan Fela ya yi ƙarshen rayuwarsa har ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, kuma a nan aka binne shi. Kabarin yana farfajiyar gaba, an gina masa wani abu mai siffar dalar Masar, shi ne abin da ido ke fara cin karo da shi da zarar an shiga ƙofa. An mayar da gidan wurin adana tarihi a watan Oktoban 2012, da gudummawar kuɗi daga gwamnatin Jihar Legas a zamanin Babatunde Fashola. Akwai abin murmushi a nan, domin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana artabu da hukuma, ga shi hukuma ce ta taimaka aka gyara masa gida bayan ya mutu.

Ana biyan kuɗin shiga, sannan a haɗa baƙo da ɗan jagora wanda zai zagaya da shi. Shawarata ita ce kada kowa ya yi gaggawar rabuwa da wannan ɗan jagora, saboda rabin darajar wurin tana cikin bayanin da ke tafe da kayan, kuma abu na farko da ya kamata baƙo ya fahimta shi ne cewa wannan ba shi ne gidan da sojoji suka ƙone ba. Kalakuta ta asali tana kan titin Agege Motor Road, a yankin Mushin. Can ne Fela ya kewaye gidansa ya ce ya ɓalle daga Najeriya ya zama jamhuriya mai cin gashin kanta, ya kuma ɗauko sunan daga wani ɗakin kurkuku da aka taɓa tsare shi a ciki. A cikin wancan gida akwai ɗakin naɗar waƙa, akwai asibitin kyauta da ƙanensa Dakta Beko Ransome-Kuti ke kula da shi, kuma akwai makaɗa da 'yan rawa da matasa marasa galihu da ke ci suna kwana a wurin. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwanaki kaɗan bayan an kammala FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata da aka yi a Legas, sojoji kimanin 1,000 suka yi wa gidan ƙawanya, suka lakaɗa wa mutanen ciki duka, suka banka masa wuta. Babban abin da ya tunzura su shi ne faifan Zombie, inda ya kwatanta soja da gawar da ba ta motsi sai an ba ta umarni. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, tsohuwa mai shekara 76, ta taga aka jefo ta, kuma ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu a watan Afrilun 1978. Binciken da gwamnati ta gudanar ya ƙare da cewa wani soja ne da ba a san ko wane ne ba ya yi aika-aikar.

Idan mutum ya riƙe wannan labari a ransa, hawa matattakalar gidan kan zama wani abu daban. Bangon yana cike da hotunan iyali, tun daga iyayensa, mahaifinsa limamin coci kuma shugaban makaranta, har zuwa 'ya'yansa. Ɗakin kwanansa ta bayan gilashi ake leƙa shi, an bar shi kamar yadda mai shi ya bar shi, da shimfiɗa da tufafi da saksafon ɗinsa. Ga kuma takalman da yayana ya yi mini ba'a a kansu, an jera su reras, launi-launi, an ɗinka su don su dace da kayan da yake sakawa a dandali. Har kamfai ɗinsa an rataye, tunda da su kaɗai yake karɓar baƙi da 'yan jarida a gida. Yawancin masu ziyara a nan suke tsayawa ɗaukar hoto, kuma ban ga laifinsu ba, amma ni ban daɗe a wurin ba.

Inda na ɓata lokacina shi ne wurin takardu. Akwai yankakkun shafukan tsofaffin jaridu da suka fara yin ja saboda daɗewa, masu ɗauke da labaran kamu da gurfanarwa a kotu, akwai tsohuwar tafireta, akwai kuma takardun jam'iyyar da ya kafa, wato Movement of the People, wadda ya so ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ƙarƙashinta a 1979 amma hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. Na tsaya gaban tafiretar nan ina kallon maɓallanta, domin ita ce ta fi komai bayyana mini yadda aikin yake. Mu da muka san Fela daga nesa mun ɗauka mutum ɗaya ne mai ƙarfin hali da kaifin baki. Abin da takardun nan ke nunawa shi ne aikin taron jama'a: wani ya buga rubutu, wani ya kai shi gidan jarida inda Fela ke sayen fili ya wallafa ra'ayinsa, wani ya zana bangon faifai, wasu su kwana suna gwajin kiɗa. Bangwayen faya-fayan suna nan a jere, kuma fiye da 20 daga cikinsu aikin Lemi Ghariokwu ne, wanda ke cika zanensa da fuskokin talakawa da na masu mulki ta yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane inda aka dosa tun kafin a ɗora allura a kan faifan. Shi kansa kiɗan Afrobeat, salon da aka san Fela da shi, ba zai tsaya ba in babu gangar Tony Allen. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gidan ya nuna wannan a fili ba tare da ya rubuta shi a allo ba.

Wani abin da ya sa na ga ziyarar ta biya kuɗinta shi ne yadda ta sa na sake tunani a kan harshen da ya zaɓa. Fela ɗan manyan gida ne da ya yi karatun kiɗa a Landan tun daga 1958, yana da Turanci a baki, yana da Yarabanci. Bayan tafiyarsa Amurka a 1969, inda ya haɗu da masu fafutukar 'yancin baƙar fata, sai ya koma waƙa da Turancin buroka, harshen da ɗan dako da direban bas da ɗan kasuwa ke fahimtar juna da shi ko daga wace ƙabila suka fito. A nan yayana ya fara saki jiki, ya ce lallai a tasha da kasuwa da wannan harshe Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo suke ciniki suke kuma faɗa. Haka nan mutanen da ya fi kama sunansu a waƙa, Olusegun Obasanjo da M.K.O. Abiola, duk 'yan garinsu ne na Abeokuta, don haka da wuya wani ya ce ƙabilanci ne ke ɗawainiya da shi. A ƙarshen mulkin Obasanjo na soja a 1979, shi da mutanensa suka ɗauki akwatin gawa suka kai ƙofar barikin Dodan, inda fadar gwamnati take a lokacin, don tuna wa hukuma jinin mahaifiyarsa. A 1984 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure shi shekara biyar bisa tuhumar fita da kuɗin waje, ƙungiyar Amnesty International ta ayyana shi fursunan ra'ayi, aka sake shi a 1986 zamanin Janar Babangida.

Hoton mahaifiyarsa ma ya tsayar da ni. Ita ce ta jagoranci matan Abeokuta a ƙarshen shekarun 1940 suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada suna rera waƙoƙin zambo saboda harajin da aka ɗora wa mata, har sarkin garin, Alake, ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Ke nan a nono Fela ya sha amfani da waƙa a matsayin makami. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta taɓa yin tattaki daga Arewa har Abeokuta don ganawa da wannan mata, kuma da na faɗa wa yayana haka sai ya ƙara matsawa kusa da hoton ya dube ta da kyau.

Wajibi ne in faɗa wa mai karatu abin da zai iya sosa masa rai, don kada ya je ya ce ban gaya masa ba. Fela ya sha tabar wiwi a bainar jama'a yana kuma alfahari da hakan, ya auri mata 27 a rana ɗaya a 1978, maganganunsa a kan mata sun jawo masa suka mai yawa, kuma ya caccaki shugabannin addinin Kirista da na Musulunci duka ba tare da sassauci ba. Cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, kamar yadda yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya sanar wa duniya. Gida ne na iyali da ke girmama mahaifinsu, saboda haka baƙo ne zai riƙe nasa ma'aunin. Ni dai ban fita ina ganinsa waliyyi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa aibinsa ya shafe karayar ƙashi da zaman kurkukun da ya sha a kan maganar talaka ba. A saman benen akwai wurin shaƙatawa da ake sayar da abin sha, har da giya, akwai kuma 'yan ɗakunan saukar baƙi, don haka wanda zai je da iyali ko ɗalibai gara ya je da hantsi ya tsaya a ɓangaren tarihi.

Wurin ƙarami ne, sa'a ɗaya zuwa biyu ta isa a gama zagaya shi, kuma wanda ya saba da manyan gidajen tarihi masu faffaɗan zaure kada ya sa ran irin wannan. Ya fi dacewa da marubuta da mawaƙa da masu zane da ɗaliban tarihi, da duk wanda ya ɗan karanta labarin mutumin kafin ya je. Mai son ganin wurin a cike da jama'a sai ya daidaita tafiyarsa da tsakiyar Oktoba, lokacin bikin Felabration da 'yarsa Yeni ta fara a 1998, wanda ake yi a makon zagayowar ranar haihuwarsa, 15 ga wata. Dandalin New Afrika Shrine, inda 'ya'yansa Femi da Seun ke wasa, yana Agidingbi a cikin Ikejar, amma harkar can ta dare ce, mu kuwa la'asar ta kawo jiki, kuma yayana yana son mu isa Agege kafin ma'aikata su tashi hanya ta toshe.