Sharhi kan wani shirin kiran waya na dare da yadda yake yi wa zanga-zanga hukunci

Tun cikin shekarar 2023 nake sauraren wani shirin kiran waya da wata tashar FM mai zaman kanta a Kaduna take gabatarwa bayan sallar isha'i. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda mai gabatarwa yake sakar wa waɗanda aka yi wa rashi, ko waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, fili su amayar da abin da ke cikinsu ba tare da ya katse su ba. Hausarsa tsaf take, kuma idan mai kira ya fashe da kuka yakan yi masa ta'aziyya ya jira shi ya natsu. Tallan maganin gargajiya yana cinye lokaci mai yawa, samun layi kuma sai an dace, amma waɗannan ƙananan aibobi ne.

Babban aibin shirin yana fitowa ne duk lokacin da aka zo maganar zanga-zanga. Bayan jirgin soji maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, ranar 3 ga Disamba 2023, inda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85, ban ji mai kira ko ɗaya da ya soki waɗanda suka fito neman a bi kadin jinin mamatan ba, kuma daidai ne. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta 2024, aka fasa wurare aka kwashi kaya, har gwamnatocin Kano da Kaduna suka sa dokar hana fita, sai muryoyin nan da na saba ji suka yi wa matasan kuɗin goro, kowa ɗan daba ne. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu yaran da aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kuma kafin shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, masu kiran da suka tsine musu a watan Agusta sun koma kiransu bayin Allah da yunwa ta fito da su. Mai gabatarwa bai tunatar da masu kiran abin da suka faɗa wata uku baya ba.

Ban ga laifin masu sauraro ba, domin wanda ya ga hawayen uwa ba zai tsaya lissafi ba. Aikin mai shiri ne ya tambaya me masu zanga-zangar suke nema da kuma wa ya kamata ya amsa musu. Ban taɓa jin an gayyato lauya ya bayyana cewa sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, ko an yi masa rasuwa ko ba a yi ba. Ƙorafin 'yan gudun hijira kan abinci ma dare ɗaya yake samu a shirin, a yi addu'a a shafa, washegari a koma siyasa.

Har yanzu ina kunna shi don jin muryoyin mutanen karkara da ba kasafai ake ba su dama ba, amma inda aka kwana kan diyyar mutanen Tudun Biri sai dai in nema a wata kafa.